Kututturen bishiya a tsakar gida: a niƙe shi, a tone shi, ko a bar shi ya yi toho?

Sare bishiya aikin yini guda ne, wani lokaci ma na sa'a guda idan da injin zarto aka zo. Masu sara su daddatsa rassa, mai gawayi ko mai gidan burodi ya sayi gungumen, yara su share ganye. Abin da ke saura shi ne kututture, wanda mai gida kan iya shafe shekaru yana tuntuɓe da shi. A Amurka da ƙasashen Turai, kawar da kututture sana'a ce mai zaman kanta, da injinanta da farashinta da ƙa'idojinta. A garuruwan ƙasar Hausa kuwa har yanzu galibi aikin diga ne da gatari, ko a cinna masa wuta, ko a zuba masa ido.

Kowace hanya tana da abin da take gyarawa da abin da take ɓatawa. Zaɓin ya rataya ne a kan tambayoyi biyu: wane irin itace aka sare, kuma me za a yi da wurin bayan haka. Wanda bai amsa su ba kafin ya kira ma'aikata yana iya biyan kuɗin aiki sau biyu, ko ya kashe bishiyar da za ta iya mayar masa da inuwarsa cikin 'yan shekaru ba tare da ya sayi dashe ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Kututturen da ido ke gani ɗan ƙaramin ɓangare ne na abin da bishiya ta bari. Galibin saiwoyinta suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, inda iska da danshi suka fi yawa, kuma suna iya bazuwa ninki biyu ko uku na faɗin inuwarta. Itatuwan da suka saba da fari, irin su gawo da darbejiya, sukan ƙara da wata saiwa mai nutsawa can ƙasa neman ruwa. A cikin saiwoyin nan bishiya ke adana abincin da ganyenta ya sarrafa. Idan aka sare ta, ajiyar tana nan daram, kuma da ita take sake toho.

Ba kowane itace ke da wannan baiwa ba. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne kuma aka shigo da ita Najeriya ta lardin Borno a 1928, tana cikin masu taurin rai: takan yi toho daga kututture, takan kuma fito da tsiro daga saiwoyin da ke nesa da shi. Haka bishiyar turare da melina, haka kalgo da sabara a gonaki. Giginya da kwakwa kuwa ta ƙoƙon kai kaɗai suke girma, don haka da zarar an sare su sun mutu ke nan, sai jiran ruɓewa.

Wani sanannen misali ya faru a arewacin Ingila. A watan Satumban 2023 aka wayi gari an sare wata bishiyar sikamo da ta haura shekara 100 tana tsaye a jikin tsohuwar ganuwar Hadiriyan, wadda masu yawon buɗe ido ke zuwa ɗaukar hoto da ita. Masu kula da wurin ba su tumɓuke kututturen ba, sai suka killace shi. A 2024 sabon toho ya fito a jikinsa. A watan Yulin 2025 kotu ta ɗaure mutum biyu da suka sare ta shekara 4 da wata 3 kowannensu.

Injin niƙa kututture

Kafin zuwan inji, manoman Amurka da ke sassabe daji sukan tumɓuke kututture da sarƙa da dawaki ko shanu, daga baya kuma suka koma fasa shi da nakiya. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta dace da tsakar gida ko bakin titin unguwa. A 1957 kamfanin Vermeer na garin Pella a jihar Iowa ya fito da injinsa na farko na cin kututture. Ya zo a kan gaɓa, domin a shekarun nan wata cuta tana kashe miliyoyin bishiyoyin elm da aka jera a titunan biranen ƙasar, hukumomi suna sarewa, kututtura suna taruwa. Irin haka ta sake faruwa bayan 2002, lokacin da aka gano wani ƙwaro ɗan asalin Asiya a jihar Michigan, wanda ya hallaka gomman miliyoyin bishiyoyin ash.

Zuciyar injin wani faifai ne na ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a tsaye da gudu. A gefen faifan an ɗaura haƙora masu baki na tungistin kabayid, wani haɗi mai tsananin tauri, wanda ya sha bamban da kabayid ɗin da masu walda ke jiƙawa da ruwa. Mai aiki yakan fara da rage tsawon kututturen da zarto har ya kusa daidai da ƙasa, ya kawar da duwatsun da ke kewaye. Sannan ya ɗora faifan a bakin kututturen, yana kai shi dama yana dawo da shi hagu. Kowace wucewa tana gurje 'yan santimitoci, sai ya ƙara sauke faifan ya sake wucewa, har itacen ya zama ɓarɓashi haɗe da ƙasa.

Injinan suna da girma daban-daban. Akwai ƙanana masu ƙarfin doki kamar 13 da mutum ke turawa da hannu, waɗanda magidanta a Amurka da Ingila kan yi hayar su na yini guda. Akwai masu tafiya da kansu a kan taya ko sarƙa, da yawansu an ƙera su yadda za su shiga ƙofar gida mai faɗin kusan santimita 90. Akwai kuma manya da ake maƙala wa tarakta. A aikin gida, zurfin da aka saba niƙewa yana tsakanin santimita 10 zuwa 30 ƙasa da doron ƙasa. Kututture matsakaici yakan ɗauki daga ƙasa da sa'a guda zuwa sa'o'i biyu, gwargwadon taurin itacen da ƙarfin injin. Farashi kuwa galibi da faɗin kututturen ake yanke shi, a auna daga inda gindinsa ya fi bajewa.

A Najeriya da Nijar ba kasafai ake ganin wannan inji ba. Inda aikin ya yi girma, kamar share filin rukunin gidaje ko buɗe hanya, katafila ake kawowa ta tumɓuke komai. Inda ya yi ƙanƙanta, ƙarfin damtse ne.

Abin da injin ba ya yi

Niƙa tana kawar da kan kututture ne kawai. Saiwoyin suna nan a ƙasa, kuma za su ɗauki shekaru kafin su ruɓe. Wannan yana haifar da abubuwa huɗu da ya kamata mai gida ya sani.

Na farko, ƙasa za ta lotsa. Yayin da ɓarɓashi da saiwoyi ke ruɓewa, wurin yana zama rami-rami. Idan ciyawa ko furanni za a shuka, ƙara ƙasa lokaci-lokaci ya wadatar. Idan kuwa ɗaki ko katanga ko daɓen siminti za a yi a kai, niƙa ba ta isa ba. Harsashin da aka aza a kan itace mai ruɓewa zai tsage, don haka wurin gini sai an tone kututturen da manyan saiwoyinsa, a cike ramin da ƙasa mai kyau, a daddanne ta.

Na biyu, itace mai taurin rai yana iya dawowa. An niƙe kan darbejiya ba ya hana saiwoyinta fito da tsiro a gindin katanga ko a gidan maƙwabci. Idan aka dage da tsinke tsiron duk lokacin da ya leƙo, ajiyar abincin za ta ƙare, saiwar ta mutu, amma hakan na iya ɗaukar fiye da damina guda.

Na uku, ɓarɓashin yana da yawa fiye da yadda ake zato, domin yakan ninka girman kututturen. Idan aka cakuɗa shi da ƙasar shuka, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sukan janye sinadarin naitirojin, wato wanda takin yuriya ke bayarwa, sai sabuwar shuka ta yi rawaya ta ƙi girma. Abin da ya fi shi ne a kwashe shi, a shimfiɗa a saman ƙasa kewaye da wasu shuke-shuke don riƙe danshi, ko a tara shi da kashin dabbobi ya zama taki. Sabon dashe kuma a matsar da shi aƙalla mita guda daga tsohon gurbi.

Na huɗu, mataccen itace a cikin ƙasa abinci ne. A ƙasar Hausa babban mai cin sa ita ce gara, kuma garar da ta samu mazauni a tsakar gida ba ta da nisa da azara da ƙyauren ƙofa da katakon rufi. Saboda haka ba a tara ɓarɓashi a jikin bango. Akwai kuma nau'o'in naman gwari da ke rayuwa a matattun saiwoyi su kama bishiyoyin da ke kusa. Masu lambu a Ingila suna fama da wani nau'i irin wannan, haka ma masu gonakin kwakwar manja, inda tsofaffin kututtura ke zama matattarar cutar ruɓewar gindi.

Shiri kafin a tayar da inji

Haɗarin da ya fi tsada shi ne abin da aka binne. A Amurka akwai lambar waya 811 da ake kira kwanaki kaɗan kafin kowane tono, sai kamfanonin ruwa da gas da lantarki su turo a yi wa layukansu alama kyauta. A yawancin gidajen Najeriya babu zanen da ke nuna inda bututun rijiyar burtsatse ya bi, ko wayar janareta, ko bututun da ke kai ruwa sokawe, kuma sau da yawa ba a binne su da zurfi ba. Wanda ya san ginin gidan shi ya kamata a fara tambaya, sannan a yi tonon gwaji da hannu kewaye da kututturen. Wannan ƙa'ida ta shafi mai diga kamar yadda ta shafi mai inji.

Haɗari na biyu shi ne abin da faifan ke cillawa. Tsakuwa ko guntun ƙarfe yana iya fasa gilashin taga ko na mota, yana iya makanta mutum. Bishiyar tsakar gida kuwa ba ta rasa ƙusoshi da wayoyin shanya da itacen ya haɗiye tsawon shekaru. Ƙwararru sukan kafa shinge kewaye da wurin, su sanya abin kare ido da kunne da takalma masu ƙarfi, su kuma nisanta yara da dabbobi. Ba a kusantar faifan da hannu ko ƙafa sai injin ya mutu, faifan ya tsaya cak.

Kafin a biya kafin alƙalami, yana da kyau a daidaita a kan zurfin da za a niƙa, da ko aikin ya haɗa da saiwoyin da suka fito fili, da wanda zai kwashe ɓarɓashi, da wanda zai biya idan aka fasa bututu.

Sauran hanyoyi

Tono da hannu shi ne mafi tabbas. Ana haƙa rami kewaye da kututturen, a bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya da gatari, a ƙarshe a datse ta tsakiya a tumɓuke. Idan tun farko an san tonewa za a yi, barin gangar jikin da tsawon kamar mita guda yana sauƙaƙa aikin, domin tana zama abin jijjigawa. Aikin ya fi sauƙi da damina, lokacin da ƙasa ta yi laushi. Illarsa ita ce babban rami da wahala, kuma kusa da katanga yana iya raunana harsashinta. A ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, kawar da babbar bishiya kusa da gini yana sauya yawan danshin ƙasar, abin da kan iya motsa harsashi. A irin wannan wuri shawarar injiniyan gini ta fi ta mai gatari.

Ƙonawa ita ce hanyar da aka fi ɗauka mai araha, kuma ita ce mafi haɗari a cikin unguwa. Ɗanyen kututture ba ya ci da sauri. Yakan yi kwanaki yana cin ƙasa-ƙasa, wutar tana iya bin saiwa ta ɓulla a wani wuri, toka mai zafi kuma tana ƙona ƙafar yaron da ya taka. Ƙara fetur ko tsohuwar taya yana jawo hayaƙi mai guba. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Kashe kututture da magani yana hana toho, ko da yake ba ya kawar da itacen. Ana shafa maganin kashe ciyawa mai bin jiki, irin su gilaifoset, a kan sabon sara nan take, musamman a zoben da ke ƙarƙashin ɓawo, domin nan ne ɓangaren da ke da rai. Idan saran ya bushe, maganin ba ya shiga. Sai dai bishiyoyi iri ɗaya da ke kusa da juna kan haɗa saiwa a ƙasa, don haka maganin yana iya kashe ta maƙwabci. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke yi wa irin waɗannan magunguna rajista, kuma umarnin da ke jikin kwalba shi ne ma'auni. Zuba baƙin mai ko gishiri mai yawa kuwa yana lalata ƙasar, yana kuma iya gurɓata rijiyar da ke kusa.

Hanya ta ƙarshe ita ce haƙuri. A huda ramuka a kan kututturen, a cika su da taki, a rufe da ƙasa, a riƙa jiƙawa. Zafi da danshi da ƙwari za su yi sauran aikin cikin shekaru, itace mai laushi da wuri, mai tauri irin ƙirya a makare.

Darasin Maraɗi

Akwai lokacin da kututture ya fi dashe daraja, kuma ƙasar Hausa ce ta nuna wa duniya haka. A farkon shekarun 1980, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, mafi yawan dashen yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan kurmin ganye da manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka toho ne na tsofaffin kututtura masu rai. Hanyar da ya yaɗa tare da manoman yankin, wadda ake kira sassaben zamani, mai sauƙi ce: a zaɓi kututture, a bar masa toho mafi ƙarfi guda ɗaya zuwa biyar, a yanke sauran, a kare su daga dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta kafu, tohon yana girma da saurin da sabon dashe ba zai iya ba.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood. Siyasa ma ta taka rawa a wannan nasara. Dokar daji da aka gada daga mulkin mallakar Faransa ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, har manomi kan biya tara a kan itacen da ke gonarsa, don haka ba shi da dalilin rainon sa. Sassaucin da aka samu daga baya, da dokar daji ta 2004, da dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya raina, su suka sa rainon ya zama abin riba.

Ana iya yin haka a tsakar gida, da sharaɗi. Tohon kututture a gefensa yake maƙale, tsakiyar kuma tana iya ruɓewa, don haka reshen da ya yi nauyi yana iya ɓallewa da iskar farkon damina. Ya dace da kututturen da ke nesa da ɗaki da katanga da wayar lantarki, kuma yana buƙatar a riƙa rage masa tsawo.

Doka da haƙƙin maƙwabta

Mallakar gida ba ko'ina take nufin ikon sare duk abin da ke ciki ba. A Ingila ƙaramar hukuma tana iya sanya wa bishiya umarnin kariya ko da a gidan mutum take, kuma a unguwannin da aka keɓe don tarihi sai an ba da sanarwar mako 6 kafin a taɓa ta. A birnin Sheffield, sare dubban bishiyoyin bakin titi a ƙarƙashin kwangilar gyaran hanyoyi ta 2012 ya jawo zanga-zangar shekaru. Binciken da Sir Mark Lowcock ya jagoranta ya soki majalisar birnin a 2023, ta kuma nemi afuwa. Tun ƙarshen wannan shekarar, doka ta wajabta wa hukumomin hanyoyi a Ingila tuntuɓar jama'a kafin sare bishiyar titi.

A Najeriya harkar gandun daji galibi a hannun jihohi take, don haka ƙa'ida ta bambanta. A Legas, alal misali, hukumar LASPARK ce ke ba da izinin sare bishiya. Mai niyyar sara a kowace jiha, ma'aikatar muhalli ko sashen gandun daji na ƙaramar hukuma ne wurin tambaya. Bishiyar da ke ƙofar gida a wajen katanga kuwa sau da yawa a filin hanya take, ba a cikin fulotin mai gida ba. Ɗan haya ma ba shi da hurumin sarewa ba tare da yardar mai gida ba. Idan kututture yana kan iyaka, ko saiwoyinsa sun ratsa ƙarƙashin katangar maƙwabci, sanar da shi kafin tono ko zuba magani ya fi zuwa gaban mai unguwa daga baya.

Yadda ake yanke shawara

Idan gini za a yi a wurin, tonewa ce kaɗai mafita. Idan fili ake so mai shafe don zama ko shuka ciyawa, niƙa ta wadatar inda ake da inji, inda babu kuma a sare kututturen ƙasa da doron ƙasa a rufe. Idan bishiyar cuta ce ta kashe ta, ko tana jingine da ɗaki mai azara, a fitar da itacen gwargwadon iko. Idan kuwa lafiyayyar darbejiya ce ko makamanciyarta, a wurin da ba ta tsare wa kowa komai ba, jiran damina guda ba ya cin ko kwabo. A Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, sabon dashe yana buƙatar shekaru na ban-ruwa da kariya daga awaki kafin mutum ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa. Kututture mai rai ya riga ya yi rabin wannan tafiya.